Ruwan da Ya Ci Kwarin Gawo

Agege, Legas
Talata, cikin watan Yuli

Zuwa ga ƙanena Khamisu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa gare ka, da Inna, da matarka Kalsum, da yara. Mu nan lafiya lau muke, sai ƙafar Baban Nuriyya da ke tashi duk damina, ita ma da sauƙi, har yana fita mayankar Abbatuwa wajen shanunsa.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga hannuna, ni da rabona da riƙe biro tun Nuriyya na firamare. Dole ce ta sa. Ranar Juma'a ina bakin tanda ina suyar waina, sai na ji rediyon mai shayin da ke kusa da ni yana cewa an yi guguwa da ruwa kamar da bakin ƙwarya a yankinmu, gidaje sun rushe, gada ta karye. Ya jero sunayen garuruwa. Ban ji Kwarin Gawo ba, amma na ji na gabas da mu, na ji na yamma da mu. To ruwan da ya ci maƙwabta biyu ta ina zai tsallake na tsakiya, balle mu da muke cikin kwari? Tun daga lokacin nake kiran wayarka, a kashe. Na kira Kalsum, na kira Liman, duk kanwar ja ce. An ce mini ƙarfen sabis ɗin da ke hanyar kasuwa ne iska ta kwantar.

Shi ne na nemi Nassirou, direban da ke kawo albasa kasuwar Mile 12 ta nan Legas daga can wajenmu. Ya ce motarsa ba ta wuce kasuwar Laraba tunda gada ta tafi, amma masu kwalekwale suna ƙetarawa, zai ba ɗayansu wannan takarda. Ka ba su amsa ta hanyar da ta zo.

Ɗakin Inna nake ta tunani. Tun bara kake ce mini bangonsa ya tsage ta ƙi bari a taɓa, wai Baba ne ya gina shi da hannunsa. Ka gaya mini gaskiya halin da take ciki, kada ka rage mini komai.

Naziru ɗan Baballe na bayan gidanmu, wanda ke dako a Mile 12, kullum sai ya biyo ta wajena da safe ya tambaya ko waya ta shiga. Ka san bana bai koma noma ba, ya bar wa ƙannensa gona don ya haɗa kwanon rufin ɗakin matarsa. Ya ce a gaida matar tasa Juwairiyya, a kuma gaya masa ko 'yarsu Ummu Salma ta fara rarrafe. Rabonsa da yarinyar tun bayan suna.

Ina sauraronka.

Yayarka,
Mairama


Kwarin Gawo
Lahadi

Yaya Mairama,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun gode da gaisuwa. A gaida maigidanki Yaya Alu da Nuriyya. Ni da Kalsum da yara muna nan da ranmu, alhamdu lillahi. A ajin makarantar kan tudu nake wannan rubutu, a nan rabin gari ke kwana yanzu. Wayata ta tafi da ruwa, da duk lambobin da ke ciki.

Yaya, abin da muka gani ban taɓa jin ko tsofaffi sun ba da labarin irinsa ba. Ranar Alhamis bayan la'asar hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, har kaji suka shige akurki. Iska ta ɗauke cak, ko ganye ba ya motsi. Sai ga guguwa ta sauko daga sama kamar an zuro igiya, ta bi ta tsakiyar gari. Ta kwashe rufin masallaci ta yar a gonar Liman. Babban gawon bakin rijiya ta murɗe shi kamar yadda ake matse wanki. Rumbuna kuwa ba a magana. Bayanta ƙanƙara ta zubo, bayan ƙanƙara ruwa, kafin magariba rafi ya …… cikin gari har ƙirjin babban mutum ……

Game da Inna, ki yi haƙuri da abin da zan gaya miki. Ɗakinta ya …… ba mu fitar da ko tsinke ba. Inna ta riga mu gidan ga…… tun kafin ruwan ya kai …… Juwairiyya ce ta …… Allah ya saka mata da …… mun yi jana'iza ranar Asabar a kan tudu, domin maƙabartar gari tana ƙarƙashin ruwa ……

…… ki gaya wa Naziru …… Ummu Salma tana nan lafiya, tana hannun ……

Gero ya kwanta duka. Shanun nomana ɗaya ya tsira. Mai kwalekwale na jirana, hadari kuma ya sake haɗowa. Ku sa mu a addu'a.

Ƙanenki,
Khamisu


Agege
Farkon watan Agusta

Khamisu,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya haƙuri? Ya haƙurin Kalsum da yara? Mu ma muna nan cikin haƙurin, jikinmu dai lafiya.

Takardarka ta zo a jiƙe. Nassirou ya ce haka mai kwalekwale ya miƙa masa ita, ruwa ya doke su a tsakiyar rafi. Rabinta na ƙasa tawada ta narke. Nuriyya ta ɗaga ta saitin rana tana ta ƙoƙarin haɗa haruffa. Da ta kai wajen da ka ce Inna ta riga mu gidan gaskiya, ruwa ya ci ƙarshen kalmar, amma me ya rage a karanta? Ga jana'iza ka ambata a ƙasa. Na bar waina a tanda ta ƙone ƙurmus, maƙwabciyata Iya Basira ce ta sauke.

Mun yi zaman makoki a nan gidan. Ban san ina da mutane haka a Agege ba. Matan Zango sun cika tsakar gida har bakin kwata. Abokan Baban Nuriyya na Abbatuwa sun zo da limaminsu aka yi addu'a. Iya Basira, Bayarabiya ce, ba ta taɓa ganin Inna ba, amma ta rufe shagonta ta zauna kusa da ni tana ta ce mini "pele, pele," wato sannu, tana share hawaye da bakin zaninta. Ranar uku muka yi gumba da waina aka raba.

Naziru kuwa ban san da bakin da zan gode masa ba. Ya bar dakonsa ya tare a nan. Shi ya kafa rumfa, shi ya yi ta jido ruwa, shi ya wanke manyan tukwane. Na ce masa ya koma aiki kada ogansa ya ba wani gurbinsa, ya ce, "Gwaggo, Inna ce ta yanke mini cibiya. In ban yi mata wannan ba, wa zan yi wa?" Na gaya masa saƙonka cewa Ummu Salma lafiya lau take. Na kuma nuna masa inda ka sa wa Juwairiyya albarka. Ban gane me ta yi ba, ina jin ita ta tsaya a kan Inna a ƙarshe. Ya yi ta murmushi yana sunkuyar da kai. Ka gode mata ƙwarai a madadina, kafin in zo in gode mata da kaina.

Nan ma ana ta ruwa. Jiya kwata ta cika ta shigo mana har ƙarƙashin gado, muka ɗora kaya a kan benci muka jira. Zuwa yamma ya janye, muka share, shi ke nan. Ina tsaye da tsintsiya sai na tuna ruwan Legas a kan siminti yake sauka, ya yi haukansa ya wuce. Namu a kan ƙasa yake sauka, kuma da ƙasar muka yi ɗaki, da ita muka yi rumbu, a cikinta muka ajiye iyayenmu. Idan ya tashi tafiya da duka yake tafiya.

Ka ba ni labari dalla-dalla. Bango ne ya faɗa mata ko ruwa ne? Ta yi magana? Ta ambace ni? Ta wane gefen tudu kuka sa ta, don in na zo in san inda zan tsaya?

Ga lambata a bayan takardar nan. Ko wayar wa ka samu, ka kira ni.

Yayarka,
Mairama


Agege
Tsakiyar Agusta

Khamisu,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Mu lafiya.

Shiru har yanzu, ba takarda ba waya. Na je Mile 12 neman Nassirou, 'yan albasa suka ce bai dawo ba tun tafiyar da ya yi da takardata. Wannan wani yaron motarsu na ba, ban sani ba ko za ta iso.

In fushi kake don ban taho ba, ka faɗa mini. Na shirya kaya tun ranar da labari ya zo, Baban Nuriyya ya ce ba zai bar ni in shiga kwalekwale a cikar rafi ba, gawa ɗaya ta ishe mu. Na ga gaskiyarsa, amma zuciyata ba ta gani ba. Da rana ina suya sai in ji kamar muryarta tana cewa na cika mai.

Ina so in yi sadakar arba'in a gida tare da ku, in Allah ya sa ruwa ya ja baya. Ka turo mini ko layi ɗaya ne.

Mairama


Kwarin Gawo
Alhamis

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, sai zazzaɓin sauro da ya kama yara, ya kuma sake su. Kin riga kin ji muryata jiya, amma zan sake faɗa a rubuce don ki riƙe a hannunki: Inna tana nan da ranta. Yanzu haka ina hango ta a gindin darbejiya tana faɗa da Kalsum a kan gishirin miya.

Takardunki biyu rana ɗaya suka iso, motar Nassirou ce ta lalace a hanya. Da na karanta ta farko na miƙe zumbur. Ko hula ban ɗauka ba na ƙetara kasuwar Laraba na roƙi wayar wani mai magani. Kin ji na ce tana raye, na ji ihunki, na kuma ji muryar Naziru a bayanki yana kabbara. Sai na katse. Ba sabis ne ya yanke ba, ni ne na katse, domin sauran maganar ba ta waya ba ce, kuma ba zan iya faɗinta yana tsaye kusa da ke ba.

Abin da na rubuta shi ne Inna ta riga mu gidan Gambo. Gambo 'yar Gwaggo Hadijatu, mai gida a kan tudu kusa da makaranta. Can ta riga mu isa. Jana'izar da na ambata ba tata ba ce. Yaya, ta Juwairiyya ce.

Ga yadda aka yi. Da guguwa ta wuce ni ina gona, na taho da gudu na tarar Kalsum ta kwashi yara sun nufi tudu. Na ɗauka Inna na tare da su. Ashe tana ɗakinta zaune a kan gado, rabin rufi ya tafi, ruwa na zuba a kanta. Dangar da ke tsakaninmu da gidan Baballe ta faɗi, shi ne Juwairiyya ta hango ta, ta tsallako da goyo a bayanta. Inna da kanta ta ba ni labarin abin da suka yi.

Ta ce mata, "Inna, ki tashi, rafi ya fara shigowa ta bayan masallaci."

Inna ta ce, "Tafi abinki, 'yar nan. Ɗakin nan ya ga damina da yawa."

Sai Juwairiyya ta nemi gefen gado ta zauna, ta ce, "To shi ke nan. Ga ni ga Ummu Salma. In ruwan ya zo sai ya same mu mu uku."

Inna ta ce ta zage ta tas, ta kira ta mai taurin kai, amma ta miƙe. Juwairiyya ta riƙe ta har gidan Gambo, ruwa na kai musu gwiwa. Da suka isa ta duba cikin mutane ba ta ga surukinta ba. Kin san idon Baballe ya mutu tun shekarar da ta wuce. Ta kwance goyo ta ɗora wa Inna a cinya, ta ce, "Riƙe mini ita, yanzu zan dawo." Mata suka riƙe mata zani, ta fizge. Abin da ba ta sani ba, ƙannen Naziru sun riga sun goyo tsohon ta hanyar makera, yana cikin ajin makaranta a zaune. Tana shiga lungunsu ruwan ya sauko gaba ɗaya, da itatuwa da kwano da dabbobi a cikinsa. Sai ranar Asabar da safe muka same ta, can ƙasa, saiwar wata tsamiya ta tare ta.

Baballe ne ya ce in rubuta miki ki gaya wa Naziru, tunda ke ce babbarsa a can. Na rubuta, ban san ruwa zai cinye wajen ba. Duk tsawon lokacin nan mun ɗauka ya sani. Mutane har sun fara magana, wai Legas ta busar masa da zuciya, matarsa ta mutu ya kasa zuwa. Tsohon kullum sai ya sa a zaunar da shi yana fuskantar hanyar rafi, ko motsi ya ji sai ya ce, "Shi ne?" Da na karanta masa yadda ɗansa ya wanke tukwanen makokin Inna, sai ya ja rawaninsa ya rufe fuska.

Ummu Salma tana wajenmu. Kalsum ke shayar da ita tare da namu jaririn, amma goyo na Inna ne, ba ta yarda kowa ya karɓa.

Akwai wata magana kuma. Maigari ya tara mu ya ce ba wanda zai sake gini a kwari, za a yanka wa kowa fili a kan tudu. Wasu sun yarda, wasu sun ce tudu tsakuwa ce, rijiya sai an yi gaba goma ba a ga ruwa ba. Inna na cikin masu ƙi. Ta ce da zarar ƙasa ta tsane za ta koma, ko bukka ce a kafa mata, kabarin Baba na can. Na kasa gaya mata cewa na je maƙabartar. Babu kabari ko ɗaya, Yaya, yashi ne shimfiɗe kamar ba a taɓa haƙa wajen ba.

Nauyin da na ɗora miki ba ƙarami ba ne. Allah ya ba ki bakin faɗa.

Ƙanenki,
Khamisu


Agege
Litinin

Khamisu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ka riƙe mini hannun Inna ka ce ina gaishe ta, ka daɗe kana riƙe da shi.

Tun ranar da ka kira gidan nan ya koma kamar gidan suna. Matan da suka zo mini ta'aziyya su suka dawo barka, ana ta dariya ana cewa Inna ta ci gumbarta tana raye. Iya Basira har rawa ta taka a tsakar gida. Naziru ya sayo lemo ya raba wa yara. Ya tambaye ni ko ka ambaci mutanen gidansu, na ce masa, "Ai da akwai wani abu da ya faɗa." Da bakina na faɗi haka. Sai ga takardarka ranar Asabar.

Na karanta ta a tsaye a bakin tanda. Murnar da ke cikina ba ta fita ba, baƙin ciki kuma ya shigo ya same ta, na rasa inda zan ajiye kowanne. Uwata na raye saboda matarsa ta mutu. Ta yaya zan dubi idonsa?

Baban Nuriyya ya ce wannan maganar maza ce, shi da Limaminsu na Abbatuwa za su gaya masa. Na ce su faɗa, amma ina wurin, domin ni aka aiko. Muka aika ya zo jiya bayan azahar. Ya shigo da leda a hannu, da fara'arsa, ya ce ya ji Nassirou zai juya, ga atamfa ya saya wa Juwairiyya tunda kayanta sun tafi da ruwa. Har ya buɗe yana tambayata ko kalar ta yi. Sai ya lura da Liman a zaune, ya lura ba wanda ya amsa masa. Ya ajiye ledar.

Ya ce, "Baba ne?"

Liman ya fara da ayoyi, yana kewaye-kewaye. Na ga yaron yana duban bakinsa kamar mai jiran hukunci, na kasa jurewa. Na ce, "Naziru, Baba lafiya lau. Ummu Salma lafiya lau. Juwairiyya ce Allah ya karɓi abarsa."

Bai yi kuka ba. Ya ce, "Yaushe?"

Na ce tun ranar guguwar. Na ba shi labari yadda ka ba ni, ban rage ba, har zaman da ta yi a gefen gadon Inna. Da na kai nan sai ya yi wata 'yar dariya, ya ce, "Haka take. In ta zauna, ba mai tashinta." Ya juya yana kallon tsakar gida, wajen da ya kafa rumfa kwanakin baya. Can ya ce, "Gwaggo, ashe makokinta na zauna ban sani ba."

Daga nan ne ya kife a kan tabarma. Baban Nuriyya ya riƙe shi. Ni kuwa na shiga ɗaki.

Yau da asuba ya bi motar Nassirou, shi zai kawo maka wannan. 'Yan dakon Mile 12 sun rako shi har bakin mota. Ya tafi da atamfar, ya ce a ajiye wa yarinya. Don Allah ka tare shi a bakin rafi da kanka, kada ya shiga gari shi kaɗai. Masu cewa Legas ta busar masa da zuciya kuma ka karanta musu wannan takarda.

Maganar kabarin Baba, ka gaya wa Inna. Mun ga abin da rashin sani ya yi mana. Ta fi mu ƙarfi, ni da kai.

Yayarka,
Mairama


Tudun Kwarin Gawo
Watan Satumba

Yaya, wannan ba tawa ba ce. Inna ce ta zaunar da ni ta ce in rubuta yadda ta faɗa, kada in gyara mata magana.

Ke ta Ikko,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki, a ce masa ya riƙa shafa man shanu a ƙafar nan. Ina gaida Nuriyya mai karanta abin da ba a rubuta ba. Ni lafiyata ƙalau, sai gwiwa, ita ma tun kafin ruwa take.

An ce kin yi mini makoki har da rumfa. An ce wata Bayarabiya ta rufe shago ta yi kuka. Ki gaishe ta, ki ce na gode, ba kowa ke jin labarin makokinsa ba. An ce kin ƙona waina. Wannan ne kawai bai yi mini daɗi ba.

Yaron nan Naziru ya iso. Ya fara zuwa wajen ubansa, sannan Khamisu ya kai shi kabari, sannan ya zo wajena. Ya durƙusa yana gaishe ni, ni ce ya kamata in durƙusa masa. Na kwance yarinyar na miƙa masa, ta ƙi shi, ta yi ta ihu tana miƙo mini hannu, ba ta san shi ba. Na ce masa kada ya damu, ya riƙa zuwa kullum yana zama inda za ta gan shi. Yanzu har tana jan gemunsa. Ya ce ba zai koma Legas ba sai bayan ya yi ɗaki. Ƙannensa sun tono wasu kwanuka daga cikin yashi, suna ta miƙar da su da guduma.

Ɗan'uwanki ya gaya mini maganar kabari, yana ta rawar baki kamar wanda ya yi sata. Na sa ya kai ni na gani da idona. Gaskiya ne, babu komai, yashi ne fari tas har da sawun tsuntsaye. Na tsaya na yi wa mahaifinku addu'a a inda na ga dama, tunda ko'ina ɗaya ne yanzu. Da ina cewa a can za a sa ni kusa da shi. To ruwa ya ɗauke shi ya kai shi inda ban sani ba, Allah kuwa ya san inda ya ajiye kowa.

Na ce wa Maigari ya yanka mini fili a tudu. Ba don na daina son kwari ba. Ranar nan na ce ba zan tashi ba, taurin kaina ya sa yarinyar mutane ta ɓata lokaci a kaina. Ban sani ba ko da na tashi da wuri da ta je ta dawo kafin ruwan. Liman ya ce kwananta ne ya ƙare, na kuma yarda, amma ba zan sake zama inda sai wani ya zo ɗaukata ba. Ta ce in riƙe mata, yanzu za ta dawo. Ina riƙe. Ba zan kai mata 'ya cikin kwari ba.

Sauran magana ɗaya. Addu'ar da kuka yi a can, da gumbar, da karatun malamai, ni ban karɓa ba, ban kai ga buƙata ba tukuna. Na gaya wa Naziru duk na Juwairiyya ne, har tukwanen da ya wanke. Wanda ake roƙo ya san wadda ke kwance a ranar. Arba'in ɗin da kika ce za ki yi ya wuce, amma ki zo duk da haka. Rafi ya ja baya, har yara na ƙetarawa da ƙafa. Ki taho da tandarki, mu yi mata sadaka a nan inda aka san ta, ni in zauna kusa da ke in ga ko har yanzu kina cika mai.

Ya isa haka, Khamisu, rufe. Yarinya ta farka.

Mahaifiyarki